Zauren Reno: Kokon yaro, yaye da zazzaɓin tsakar dare

Assalamu alaikum iyaye da kakanni. Wasiƙun wannan wata daga unguwannin Akra na Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama, Sukura da Madina suka fi zuwa, kuma kusan dukkansu a kan awo suke: nawa za a zuba, sau nawa, da wane cokali. Shi ya sa amsoshin suka cika da lissafi. A daure a karanta, a kuma ajiye shafin inda hannu zai kai da dare. Kamar kullum, ba ma buga sunan kowa.

Tambaya: Yarona watansa takwas. Tun da ya cika wata shida nake ba shi koko safe da rana da dare, yana kuma shanyewa tas. Amma wata biyu ke nan in na je awo sai nas ta ce layinsa bai hau ba. Ina kuskuren yake? (Uwar ɗa ɗaya, Nima)

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Kin kyauta da ba ki daina zuwa awo ba, domin layin nan na cikin littafin asibiti yakan nuna matsala tun ido bai gan ta ba.

Cikin yaro mai wata takwas bai fi kofin shayi ɗaya ba, kamar mililita 200 zuwa 250. Kokon da muke saye da safe, na gero mai citta da kanumfari da barkono, don babba aka dama shi, ya kurɓa da ƙosai ko pinkaso. Mafi yawansa ruwa ne. In kuma aka ƙara tsinka shi don ya bi ta fida, to yaro zai cika cikinsa, ya yi gyatsa, ya yi barci, ke kuma ki ɗauka ya ƙoshi, alhali abin da ya shiga jikinsa na gina jiki bai taka kara ya karya ba. Ga gwajin da za ki yi gobe da safe: ɗebi kokon da cokali ki karkata shi. In ya tsiyaye kamar ruwa, bai yi ba. Wanda ake so shi ne wanda zai ɗan tsaya a cokali, sannan ya sauko a dunƙule. A kofi da cokali za ki riƙa ba shi. Fida tana tilasta ki tsinka abinci, kuma wanke bakinta da kyau a gidan da ake sayen ruwa da bokiti abu ne mai wuya.

Sai kuma abin da ke cikin kokon. Akwai haɗin da ma'aikatan lafiya na Gana suka daɗe suna koyarwa, wanda ake kira winimiks: kashi huɗu na hatsi, kashi ɗaya na dangin wake. Da gwangwanin madara za ki auna. Masara ko gero gwangwani 8, gyaɗa gwangwani 1, waken suya ko farin wake gwangwani 1. Tsince su ɗaya bayan ɗaya a faranti, ki zubar da duk ƙwayar da ta yanƙwane, ta yi baƙi ko ta yi funfuna, domin funfunar gyaɗa da masara tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe wannan guba. Soya kowanne shi kaɗai a kasko, wuta kaɗan, kina juyawa har ya yi ƙamshi ya fara ja. Masu haɗa su a soya tare sukan ƙone gyaɗar tun wake bai soyu ba, wake mara soyuwa kuma shi ke kumbura cikin yaro. Murje ɓawon gyaɗa da na wake ki sheƙe. A wurin niƙa, roƙi mai inji ya fara zuba 'yar masara ta wanke injin, don kada garin ya kwaso barkonon wanda aka yi wa niƙa kafinki. Tankaɗe da rariya mai laushi, ki bar shi ya huce sarai kafin ki rufe a roba mai murfi. Garin da aka rufe da ɗumi yakan yi gumi ya lalace. Kada ki niƙa abin da ya wuce na mako biyu zuwa uku, saboda man gyaɗar yakan sa ya yi ɗaci a zafin Akra.

Wajen damawa, cokalin cin abinci uku masu tozo a kofin ruwa ɗaya. Kwaɓa da ruwan sanyi tukuna, ki ɗora a wuta kina juyawa kamar minti goma. In kin sauke, zuba cokalin shayi ɗaya na manja ko man gyaɗa, da cokalin shayi ɗaya na garin kifi. Ƙananan busassun kifin nan da ake kira Keta sukul boyis sun fi dacewa: cire kawunan, wanke yashin, shanya, ɗan gasa a kasko, daka har ya yi laushi ki tankaɗe. Ana daka su da ƙashinsu, abin da ke ƙara musu amfani ke nan.

Kada ki tsaya a koko kaɗai. Yaro mai wata takwas zai iya cin dafaffen ƙwai da aka murje, da faten doya ko dankali mai ganyen gwaza, wato kontomire, da tuwo mai laushi da miyar ayoyo ko kuɓewa wadda kika ɗebe masa kafin ki sa barkono da magi, da ayaba, gwanda ko mangwaro. Hanta kaɗan sau ɗaya a mako tana taimakon jini. Daga wata 6 zuwa 8 sau biyu zuwa uku ake ba da abinci a yini, a fara da cokali biyu ko uku a kai har rabin kofi. Daga wata 9 zuwa 11 sau uku zuwa huɗu, rabin kofi kowane zama, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Nono kuma ya ci gaba, dare da rana.

Abu uku ki kiyaye. Zuma ba a ba yaro ita sai ya shekara, ko lasawa, domin takan ɗauko ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Shayi yana hana jiki tsotse sinadarin da ke gina jini, don haka ba abin karin kumallon yaro ba ne. Sannan ɗure: matse yaro a cinya, toshe masa hanci, a kwarara masa koko a tafin hannu. Mun san da ƙauna ake yi, amma kokon yakan bi hanyar numfashi ya sauka a huhu. Zaunar da shi, ki fuskance shi, ki jira ya buɗe baki.

Ki koma awo bayan mako biyu, kada ki jira wata ya cika. In duk da wannan layin bai motsa ba, nemi a duba jininsa da ƙirjinsa, a kuma yi masa gwajin sikila in ba a taɓa yi ba. Allurarsa ta wata tara, ta ƙyanda da ta shawara, ita ma ta kusa.

Tambaya: Ina da ciki wata uku, ga 'yata mai wata goma sha huɗu tana shan nono. Surukata ta ce nonon ya lalace, yarinya za ta sha ciki. Tana so a shafa ganye mai ɗaci a cire ta rana ɗaya, a kai mata ita Kumasi har in haihu. Hankalina bai kwanta ba. (Matashiyar uwa, Sabon Zango)

Amsa: 'Yar'uwa, tsoron Hajiya ba daga sama ya faɗo ba. Iyayenmu sun ga yaran da aka yi wa kwanika suna ramewa, gashinsu ya yi ja, ƙafa ta kumbura. Abin da suka gani gaskiya ne. Sai dai nonon mai ciki ba shi da guba. Abin da ke faruwa shi ne nonon yana raguwa, musamman daga wata na huɗu ko na biyar, ɗanɗanonsa ya canja, in kuma ba a cike gurbin da abinci mai kyau ba, sai yunwa ta kama yaro a ɓoye.

A nan Akra aka fara bayyana wannan ciwo ga likitocin duniya. Likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise, ta rubuta bayaninsa a 1933, a 1935 kuma ta kira shi da sunan da matan ƙabilar Ga suke kiransa, kwashiyoko, wato ciwon da ke kama yaron da aka ture saboda ƙani ya zo. Yaran da ta gani an cire su daga nono ne aka bar su da kokon masara zalla. To ki duba: cire yarinya rana ɗaya, a raba ta da uwa, a kai ta garin da ba ta saba ba, inda kuka da kewa za su hana ta cin abinci, ita ce hanyar da ta fi saurin kai ta ga abin da Hajiya ke gudu.

In cikinki lafiya yake, za ki iya ci gaba da shayarwa. Amma ki gaya wa ungozoma a wurin awon ciki. In kina zubar jini, ko mararki na ƙullewa da ciwo, ko kin taɓa haihuwar bakwaini, ko tagwaye ne, ko kina ramewa, ita za ta ce miki ki dakata. Ki ƙara cin abinci sau ɗaya a kan yadda kika saba, ki riƙe maganin ƙarin jini kullum.

In kun zaɓi yaye, ku yi shi cikin mako huɗu zuwa shida. Fara da sauke nonon tsakar rana, ki maye gurbinsa da abinci a kwanonta ita kaɗai, don ki san abin da ta ci. Yaron da ke cin kwano ɗaya da yayyensa ba ya samun rabonsa. Bayan kwana huɗu ko biyar ki sauke na hantsi, sannan na yamma. Na dare shi ne na ƙarshe, a nan kuma ake buƙatar maigida ko wata babba a gidan ta riƙa goya ta har ta yi barci. A shekarunta tana buƙatar abinci sau uku zuwa huɗu, kusan kofi ɗaya kowane zama, da abin taɓawa sau biyu, a samu ƙwai, kifi, wake ko nama a ciki kowace rana. Madarar gwangwani mai zaƙi da kauri ba abincin yaye ba ce, sukari ne ya fi yawa a ciki.

Sau ɗaya a mako danna babban yatsanki a bayan ƙafafunta biyu, ki ƙirga uku ki ɗaga. In ramin ya zauna bai ciko ba, ku tafi asibiti a ranar.

Game da Hajiya, kada ki yi jayayya da ita. Maigidanki ne ya kamata ya kira mahaifiyarsa ya roƙe ta, in da hali, ita ta zo ta zauna da ku makonnin yayen. Ta samu jikarta, yarinya kuma ba ta rasa uwarta ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyu na shayarwa, ita ce kuma ta ce yaye ya kasance da yarda da shawara tsakanin uwa da uba.

Tambaya: Ɗanmu mai shekara biyu da rabi jikinsa ya yi zafi da dare, muka ba shi farasitamol cokali ɗaya. Can cikin dare sai ya sandare, idonsa ya juye. Maƙwabta suka sa masa cokali a baki, wata ta ɗura masa manja. Ya farfaɗo, amma har yanzu muna cikin tsoro. Me ya kamata mu yi in ya sake? (Uba, Madina Zango)

Amsa: Malam, Allah ya ƙara masa lafiya. In ba a kai shi asibiti ba tun ranar, a kai shi, ko da yana wasa yanzu.

Jijjigar zazzaɓi takan sami yara tsakanin wata shida da shekara biyar, kuma mafi yawanta takan tsaya da kanta cikin 'yan mintuna. Aikinku a lokacin kaɗan ne. Kwantar da shi a ƙasa a kan gefensa, kai ya ɗan sunkuya don yawu ko amai ya fita, a sassauta riga, a janye jama'a, mutum ɗaya ya dubi agogo. Kada a danne shi, kada a sa komai a bakinsa. Yaro ba ya haɗiye harshensa. Cokali haƙori yake karyawa, manja ko ruwa ko rubutu kuma huhu suke tafiya a lokacin da ba ya iya haɗiya. Addu'a a yi ta a kansa yana kwance a gefensa. In ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, ko ta dawo, ko bai dawo hayyacinsa ba, ko wuyansa ya ƙage, a ɗauke shi nan take, ko a kira lambar gaggawa ta 112.

Maganar cokali ɗaya kuwa, a nan ake yawan kuskure. Nauyin yaro ake bi, miligiram 15 ga kowane kilo. Yawancin ruwan farasitamol na yara a kemis ɗinmu yana da miligiram 120 ko 125 a kowane mililita 5, amma ka karanta kwalbar kowane lokaci. Yaro mai kilo 8 zai sha mililita 5. Mai kilo 12, kamar yadda naka zai iya kaiwa, mililita 7 da rabi. Nauyinsa na ƙarshe yana cikin littafin awo. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba, don haka sayi sirinji mara allura ka ajiye shi tare da kwalbar da roba. Bayan kowace awa shida ake bayarwa, kada ya wuce sau huɗu a yini da dare, a kuma rubuta lokacin a jikin kwali, saboda uwa takan bayar, uba ya farka ya sake bayarwa. Magungunan mura da yawa suna da farasitamol a ciki. Haɗa su biyu yana lahanta hanta. Asfirin kuma ba na yara ba ne. A rage masa kaya, a yawaita ba shi ruwa. Ruwan sanyi ƙarara sa shi rawar jiki yake yi.

Farasitamol zafi yake saukewa, ba ya kashe abin da ya kawo zafin, ba ya kuma hana jijjiga. Duk zazzaɓi a yi gwajin maleriya na ɗigon jini a yatsa cikin awa 24, kafin a sayi magani. In gwaji ya nuna akwai, maganin da aka fi bayarwa sau shida ake shansa cikin kwana uku: na farko, na biyu bayan awa takwas, sannan safe da dare kwana biyu. A ba shi da abinci mai maiƙo ko madara, in ya amayar cikin rabin awa a maimaita. Yaro yakan warware a rana ta biyu, iyaye su ajiye sauran don gaba, bayan mako biyu ciwon ya dawo. A ƙarasa shi duka.

In gwaji bai nuna maleriya ba, ɗaga rigarsa yana kwance shiru ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye alamar ciwon huhu ce. Daga wata biyu zuwa goma sha ɗaya, 50. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, da zarar ya yi zazzaɓi asibiti ne kai tsaye. Tun yau ka danna *929# ka tabbatar katin inshorar lafiyarsa bai mutu ba.

Tambaya: Jikana yana fitar da haƙori, kwana biyu yana zawo. A da bentuwa muke yi musu, wato ɗura musu ruwan magani ta dubura. 'Yata ta ce an hana. (Kaka, Mamobi)

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara girma, 'yarki tana da gaskiya. Lokacin haƙori shi ne lokacin rarrafe, yaro yana kai komai baki, daga takalmi har murfin kwalba. Abin da ya ɗauka a ƙasa ne ke kawo zawon. Bentuwa, musamman mai citta ko barkono ko sabulu, tana ƙona hanjin da ya riga ya ji rauni, ta kuma ƙara fitar da ruwan da muke neman tsarewa.

Ruwan gishiri da sukari na leda, ORS, shi ne magani, amma a karanta ledar, domin iri biyu ne a kasuwa. Akwai na lita ɗaya, wato piya wata biyu cif, tun da kowace leda mililita 500 ce. Akwai na mililita 600, wato piya wata ɗaya da cokalin cin abinci bakwai. A juye garin duka. Raba shi biyu da ido ko rage ruwan yakan sa gishiri ya yi yawa, hakan kuma haɗari ne. Yaron da bai kai shekara biyu ba, rubu'in kofi zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, cokali-cokali. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba a hankali. Abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. A haɗa da ƙwayar zinki: miligiram 20 kullum ga wanda ya wuce wata shida, rabin ƙwaya ga wanda bai kai ba, kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya. A narkar da ita a cokali da ruwan nono. Nono da abinci kada a dakatar. Lemon kwalba da ragowar filajil na wani ba su da gurbi a nan.

In ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, ya wuni bai yi fitsari ba, ya kasa sha, ko an ga jini a kashin, a tafi asibiti.

Tambaya: 'Yata shekararta biyu da wata huɗu, ba ta haɗa magana. A gida Hausa muke yi, mai renonta Tuwi take mata, yaran layi Ga da Turanci. An ce harsunan ne suka rikita ta, mu koma Turanci zalla. Takan yi shiru ne kawai in na ba ta waya ina shago. (Mai ɗinki, Fadama)

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki bar Hausa. Yaran zango sun daɗe suna tashi da harshe uku ko huɗu, kuma yawan harsuna ba ya jinkirta magana. Ki yi mata harshen da kika fi daɗin baki a cikinsa, wanda kike da wasa da kirari da tatsuniya a ciki. Turanci zai same ta a makaranta in ta shiga ajin KG a shekara huɗu.

Ɗauki takarda ki yi mako guda kina rubuta kowace kalma da ta furta, ko a wane harshe. In ta ce "ruwa" yau, gobe ta ce "nsuo", duka ki rubuta. Yaro mai shekara biyu yakan kai kalma hamsin ko kusa da haka, ya fara haɗa biyu: "Mma zo", "ba ni". Ki lura kuma ko tana nuna abu da yatsa don ki gani, tana kallon idonki, tana waiwayowa in an kira sunanta daga baya, tana ɗauko takalminta in an ce ta ɗauko ba tare da an nuna ba. In waɗannan babu, ko kalmominta ba su kai ashirin ba, ko ta taɓa faɗin wasu ta daina, to kada ki saurari masu cewa babanta ma bai yi magana da wuri ba. Nemi takardar turawa zuwa gwajin ji, ana yi a asibitin Korle Bu. Kunnen da ya sha yin ruwa yakan rage ji ba tare da kowa ya lura ba.

Wayar ce ta fi damun mu a wasiƙarki. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Magana da mayarwa ake koyonta, waya kuma ba ta jiran amsar yaro. Mun san shago ba ya barin hannu. Ajiye mata kwando a gefen keke da ƙyallaye masu launi, da manyan ƙwaryar zare da ba su shiga baki, ki riƙa faɗin abin da kike yi: "ga ja, ga baƙi, miƙo mini ja." In ta ce "ja", ki ƙara mata ɗaya: "jan ƙyalle." In ta nuna kofi, ɗan jira kina kallonta kafin ki miƙa. Da dare tatsuniya ɗaya ta Gizo da Ƙoƙi, ita ɗin dai kullum, har ta fara ƙarasa miki. Kwana uku na farko za ta yi kukan waya sosai, sannan ya ragu.

Tambaya: Gidan haya muke, ɗaki goma sha biyu. Wata maƙwabciya tana haɗa sabulu a tsakar gida, ga kurfoti ko'ina. Yarana biyu ƙanana ne. (Uba, Sukura)

Amsa: Malam, damuwarka a kan hanya take. Sodar sabulu in an jiƙa ta, fara ce tas kamar ruwan sha, kuma a robar ruwa ko kwalbar lemo aka fi ajiye ta. Kurɓa ɗaya tana ƙona maƙogwaro, bayan makonni kuma tabon ya tsuke hanyar abinci har yaro ya kasa haɗiye ko koko. Ka sa mai gida ko dattijon gidan ya tara kowa a yi magana ɗaya, don kada ta zama kai da ita: soda, kananzir, bilic da maganin ɓera su zauna a mazubinsu na asali, a sama, a kulle, sodar da aka jiƙa kuma kada a bar ta ta kwana a tsakar gida.

In ƙaddara ta faɗa, kada a sa yaro amai, kada a ba shi manja. Sodar da ta ƙona wajen shiga za ta sake ƙonawa wajen fita, kananzir kuma amai ne ke kai shi huhu. A wanke leɓe da fata da ruwa mai yawa, a cire rigar, a tafi asibiti da kwalbar a hannu, ko da bakin bai nuna komai ba. Ƙaramin batirin agogo mai kamar kwabo shi ma haka, in yaro ya haɗiye shi awa biyu sun ishe shi ya ƙona maƙogwaro.

Ƙuna kuwa, ruwan famfo ko na randa a riƙa kwarara wa wurin minti ashirin, da agogo. Ban da ƙanƙara, man goge baki, ɗanyen ƙwai ko gishiri. Kada a fasa ƙurjin. A rufe da tsumma mai tsabta. In ta fi tafin hannun yaron girma, ko a fuska, hannu ko al'aura take, asibiti. Kurfoti a jingina shi da bango a tare da benci, tukunyar koko mai zafi kada a sauke ta a hanya, bokiti da baho kuma a kife su da an gama wanki, domin ruwan da bai kai tsawon yatsa ba yana iya halaka mai rarrafe.

Tambaya: Ɗana shekararsa huɗu, har yanzu yana fitsarin kwance. Na yi faɗa, na yi bulala. Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. (Uba, Nima)

Amsa: Malam, a ajiye bulalar. Barci yake yi, bai san ya yi ba, kuma tsoro ƙara shi yake yi. Likitoci ba su ɗaukar fitsarin kwance a matsayin matsala kafin shekara biyar, a shekara biyar ɗin ma kusan yaro ɗaya cikin shida yana yi. Yakan bi jini, ka tambayi iyayenku. Ya sha ruwansa sosai da rana, a rage daga magariba, ban da shayi da lemo da dare. Ya yi fitsari bayan isha'i, ya sake yi dab da kwanciya. A ajiye fo a cikin ɗaki da 'yar fitila, saboda yaro ba zai ratsa tsakar gida cikin duhu ba. A shimfiɗa leda ƙarƙashin zani, da safe ku cire tare ba tare da magana ba, a kuma hana yayyensa yi masa waƙa. Duba ko kashinsa yana tauri, domin cushewar hanji tana danne mafitsara. In ya taɓa yin wata shida bai yi ba sannan ya dawo, ko yana kuka wajen fitsari, ko ƙishirwa ta yi masa yawa yana ramewa, a kai fitsarinsa gwaji.